Wane Mai Za Ku Saya Idan Likita Ya Ce Kitse Ya Yi Yawa a Jini?

Ranar da aka miƙo mana takardar gwajin jinin Hajiyarmu, likita ya zagaye layi ɗaya da biro, wurin da aka rubuta LDL, wato nau'in kitsen jini marar kyau, ya ce: "Mama, kwalastarol ɗinki ya hau. Ga magani, amma sai an duba man da ake yi miki girki da shi." Hajiya ta juyo ta kalle ni, don ni ke yi mata cefane tun rasuwar Baba. Na ce masa ai man gyaɗa muke saya, man shanu kuwa sai jefi-jefi. Ya ce madalla, a ci gaba, a dai rage yawa. Da ni da shi duk mun ɗauka mun san abin da ke cikin jarkar da ke kicin ɗinta. Sai da hunturu ya kama muka gane ba haka ba ne, kuma zan zo kan wannan.

Tun daga lokacin 'yan'uwa da ƙawaye ke tambayata wane mai ya fi, da yake sun san na karanci ilmin sinadaran jiki a jami'a, har na yi watanni ina kiwon fararen ɓeraye a keji. Kusan kowace sai ta turo min tallan da ta gani a Facebook ko WhatsApp: "An gwada a jikin ɓeraye, yana narkar da kitsen jini." Wannan na habbatussauda, wancan na zogale, wani na kwakwa. To bari in fara da ɓerayen, don sai an san abin da ake yi musu kafin a san nauyin maganar.

Ana samo ɓerayen ɗakin bincike, yawanci jinsin Wistar, wanda asalinsa daga wata cibiya ce a birnin Filadalfiya na Amurka. A raba su rukuni-rukuni, sau da yawa shida-shida ko goma-goma. Wasu a bar su a kan abincinsu na kullum, sauran a koma ba su abinci mai maiƙo: kitsen dabba, gwaiduwar ƙwai, ko garin kwalastarol zalla kamar kashi 1 ko 2 cikin 100 na abincin. Daga cikin masu cin maiƙon sai a ware wasu a haɗa musu da man da ake son gwadawa. Bayan 'yan makonni a ɗebi jini, a duba hanta, a kwatanta. Aiki ne mai amfani, ni ma na ƙaru da shi, amma jikin ɓera ba irin namu ba ne. Ko jakar maɗaciya ba shi da ita. Mafi yawan kwalastarol ɗin jininsa yana tafiya ne a cikin HDL, wanda ake kira mai kyau, mu kuwa namu ya fi yawa a LDL, wanda ke maƙalewa a bangon jijiya. Akwai wani furotin mai suna CETP da ke musayar kitse tsakanin su biyun a jininmu, ɓera ba shi da shi. Jijiyoyinsa ba sa toshewa da sauƙi. Ko a 1913, lokacin da Nikolai Anichkov na Rasha ya nuna cewa cin kwalastarol na toshe jijiya, da zomaye ya yi aikin.

Ga kuma tambayar da masu talla ba sa so a yi musu: ya rage kitsen idan an kwatanta shi da me? Idan ɓeran da ke gefe kitsen sa ake ɗura masa, kusan duk man tsiro da aka kawo sai ya yi nasara. Don haka "an gwada a ɓeraye" alama ce ta cewa abin ya cancanci a gwada shi a jikin mutane, iyakarta ke nan.

Abin da aka tabbatar a jikin mutane, tun ayyukan masani Ancel Keys a Minesota ta Amurka a shekarun 1950, bai da wuyar fahimta. Kitse iri biyu ne: mai daskarewa, irin wanda ke yin fari a saman romo idan ya huce, da marar daskarewa. Na farkon yana ɗaga LDL, na biyun idan ya maye gurbinsa yana saukar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Rubutun nan na "babu kwalastarol" da ake mannawa a jikin galan kuwa, kada ya ruɗe ku. Duk man da ya fito daga tsiro haka yake, har manja. Jikinmu ne da kansa ke ƙera mafi yawan kwalastarol ɗin, kuma irin kitsen da aka ci ne ke sa hanta ta kwashe shi daga jini da sauri ko ta bar shi ya taru.

Da wannan ma'auni zan sallami da yawa nan take. Man alayyadi da man kwakwa, fiye da kashi 80 cikin 100 nasu mai daskarewa ne, a bar su ga gashi da fata. Man shanu ya haura kashi 60, ga shi da nasa kwalastarol ɗin, a ajiye shi don tuwon ranar salla. Man kaɗanya na shafawa da sabulu. Manja kusan rabi da rabi ne, yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, cokali ɗaya a miyar agushi ba laifi, amma ba man yau da gobe ba ne ga wanda likita ya yi wa kashedi. Man waken suya lissafinsa ya yi kyau, mai daskarewa kamar kashi 15, sai dai saurin ƙarni idan ya sha wuta. Man dusar shinkafa ya yi suna a gwajin ɓeraye a Indiya, amma a kasuwanninmu sai an sha wuya kafin a gan shi. Man zaitun na gaskiya shi ya fi kowa hujja a jikin mutane, tsadarsa ce ta fi ƙarfin tukunyar gida mai mutum goma. Habbatussauda da zogale kuwa ba man girki ba ne, ba da ɗigo biyu ake gyara abin da ludayi ya ɓata ba.

Saura biyu: gyaɗa da riɗi.

Man gyaɗa na ainihi mai ne mai kyau, ba zan rage masa komai ba. Mai daskarewa a cikinsa bai kai kashi 20 ba, mafi yawansa irin kitsen da ke cikin zaitun ne, yana jure wutar suya, kuma harshenmu ya saba da shi tun kafin zamanin dalar gyaɗa a Kano. Inda yake ba ni tsoro shi ne fumfuna. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko ta sha danshi a buhu, tana tsirar da wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin. A 1960 aka fara gano ta, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Gubar nan hanta take ci, tana kawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Wutar girki ba ta kashe ta. Yawancinta a ƙuli-ƙuli take zama, tacewar masana'anta kuma tana cire kusan duk wadda ta bi mai, amma man da aka matse a gida daga gyaɗar da ba a tsince ba yana iya ɗauko ta. Idan kun san mai yin ƙuli-ƙulin, kun ga tana zubar da baƙaƙe da ruɓaɓɓu, ku saya da kwanciyar hankali. Idan rahusar gyaɗa take bi, ku nemi wata.

Man riɗi ne nawa, kuma ba zan ɓoye ba.

Mai daskarewa a cikinsa kamar kashi 14 ne cikin 100. Sauran ya rabu kusan daidai tsakanin irin kitsen zaitun da wani mai suna linoleyik, wanda shi ya fi saukar da LDL idan ya maye gurbin kitsen dabba ko manja. Wannan kaɗai ya isa a saye shi, ko da ba a taɓa ba wa ɓera ko ɗigo ba. Amma riɗi yana da ƙari: sinadaran sesamin da sesamolin, waɗanda ba a samunsu da yawa haka a sauran man girki. A 1991 masu bincike a Japan suka nuna cewa sesamin yana rage tsotsar kwalastarol daga hanjin ɓera, yana kuma rage ƙera shi a hanta. A cikin duk gwaje-gwajen ɓeraye da na karanta, wannan ya fi kwanta min, don sun bi diddigin yadda abin ke aiki, ba lambar jini kawai suka kawo ba. Duk da haka, sesamin zalla suka ba su, mai yawa, fiye da abin da cokali biyu na mai zai ba mutum. Gwajin da aka yi wa mutane ƙanana ne, ragin da aka gani matsakaici. Ban taɓa ce wa Hajiya ta ajiye maganinta saboda riɗi ba, kuma ina roƙon kowa da girman Allah kada ya yi haka.

Abin da ya ƙara sa na riƙe shi shi ne daɗewa. Sinadaran nan suna kare shi daga lalacewa, sai ya yi watanni a kwalba bai yi maƙaƙi ba, ko a zafin bazara, matuƙar an rufe shi an kawar da shi daga rana. Iri biyu ne kuma, ku lura. Na ɗanyen riɗi fari ne fes, ƙamshinsa kaɗan, shi ake soya miya da ƙwai da kifi. Na soyayyen riɗi ya fi duhu, ƙamshinsa kamar ana kantu a gidan, shi ba a ƙona shi, zubawa ake a kan abinci bayan an sauke. Ku gwada shi a kwaɗon zogale ko rama, ko ɗanwake, ko garau-garau da yaji, ko dambu. Saboda ƙarfin ƙamshin, rabin abin da aka saba zubawa ya wadatar, kuma wannan ma riba ce, don kowane mai a duniya cokalin cin abinci ɗaya yana ɗauke da kalori kusan 120. A miyar kuka dai sai da Hajiya ta yi kusan wata kafin ta saba, ta ce ɗanɗanon ya yi mata baƙunta.

Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan, musamman na wajen Gadarif inda ake noma riɗi sosai, sun san shi a matsayin man abinci na kullum, har yau akwai wuraren da raƙumi ke zagaya turmin matse shi. A kudancin Indiya, sunan da Tamilawa ke kiransa da shi ma'anarsa "mai mai kyau". Mu kuwa muna noma shi a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, a tara shi a Maigatari da Dawanau, a loda mafi yawansa zuwa Japan da Sin da Turkiyya, sannan mu juya mu sayi man da ba mu san asalinsa ba. Wannan yana ci min rai ƙwarai. Aibinsa biyu: ya fi man gyaɗa tsada, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar riɗi, su yi ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi. Mai irin wannan ya nisance shi gaba ɗaya.

Yanzu jarkar Hajiya.

Wata safiya cikin tsananin sanyi ƙanwata ta kira ni ta ce man ya ƙi zuba. Na je na tarar rabin jarkar ya yi fari ya yi gudaji kamar man kaɗanya. Man gyaɗa na gaskiya yakan yi kauri a firiji, amma sanyin ɗaki a Kano bai isa ya sandarar da shi haka ba. Wanda ke yin haka shi ne manja da aka tace a masana'anta, aka cire masa ja da wari, aka ware ɓangarensa mai ruwa. Watanni muna ba ta abin da ya ninka man gyaɗa a kitse mai daskarewa, muna biyan kuɗin gyaɗa, muna murna muna bin umarnin likita. Na ɗauki jarkar na koma wurin mai shagon, mutumin da muka shekara muna ciniki da shi. Na ce: "Alhaji, tsakaninka da Allah, wannan na gyaɗa ne?" Ya ce: "Hajiya, ai duk man gyaɗa ake ce musu."

Kuma ta wani ɓangare bai yi ƙarya ba, a nan matsalar take. A bakinmu duk farin mai sunansa man gyaɗa, ko daga me aka yi shi. Mai algus ya fake a bayan wannan. Sai ya sayi tataccen manja a durom, ya zuba masa ɗan man soyayyar gyaɗa don ƙamshi, ya ɗura a kwalaben ruwa, ya ce na ƙauye ne. Hanci ba ya kama shi, don ƙamshin na gaske ne. Da man riɗi ma haka ake yi, har ya fi, saboda tsadarsa ta sa ribar algus ɗin ta fi tsoka. Man zaitun na ƙananan kwalabe da ake sayarwa a bakin masallatai da tashoshin mota kuwa, wanda kuɗinsa bai kai na ruwan lemo ba, ku tambayi kanku yadda aka yi ya tsallako teku a wannan farashi.

Ga lissafin da nake yi kafin in taɓa kwalba. Ƙwayar riɗi kusan rabinta mai ne, ƙaramin inji kuma ba ya iya tatse shi duka. Ke nan lita ɗaya tana cin fiye da kilo biyu na riɗi. Ku tambayi kuɗin riɗi a kasuwa a ranar, ku ninka, ku ƙara ladan inji da kwalba. Duk wanda ya sayar muku da lita a ƙasa da haka, ko dai sadaka yake yi ko ya gauraya. Gyaɗa ma kusan haka lissafinta yake, sai dai ita ƙuli-ƙuli na rage wa mai yi asara. Bayan an kawo gida, ku zuba kaɗan a ƙaramin kofi ku sa a firiji ya kwana. Man riɗi zalla yawanci yana nan da ruwansa da safe. Idan ya yi farin gudaji a ƙasa, akwai baƙo a ciki. Wannan gwaji ba ya kama man waken suya idan da shi aka gauraya, kuma ba ya aiki a kan man gyaɗa, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai.

Na gwangwani da galan kuma, ku juya bayansa ku karanta abin da aka lissafa a ciki, kada ku tsaya a hoton gaba. Idan an rubuta "man tsirrai" kawai ba a faɗi tsiron ba, a ƙasarmu galibi tataccen manja ne. A Najeriya ku nemi lambar NAFDAC da tambarin ido mai nuna an ƙara bitamin A, ku duba hatimin murfi da ranar lalacewa. Jarkar kamfani da aka buɗe aka sake cikawa ta fi komai yawa, sunan da ke jikinta ba shaida ba ne a kan abin da ke cikinta.

Masu son manja, ku ma akwai naku. Ana zuba masa rinin da ake kira Sudan don ya yi ja wur, rini ne na masana'antu da aka haramta a abinci saboda zargin yana kawo ciwon daji. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta same shi a manjan da ake sayarwa a kasuwannin Ankara, babban birnin ƙasar. Manja na gaskiya ja ne mai ratsin ruwan lemo, yana kwantar da kauri a ƙasa. Wanda ya yi ja kamar jini, ya rina yatsa ya ƙi fita, ku bar shi a wurin.

Sai man da ya riga ya sha suya. Ana tattaro ragowar man otal-otal da na masu soye-soye, a tace shi da ƙyalle, a haɗa da sabo a sayar a ma'aunin ludayi. Alamarsa duhu, da yauƙi, da kumfar da ba ta kwanciya, da hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, da maƙaƙi a maƙogwaro. A nan ma ɓeraye sun yi mana aiki: masu bincike a Malesiya sun ciyar da su man da aka maimaita soyawa sau da yawa, jininsu ya hau, jijiyoyinsu suka yi kauri. Ko a gida, man da ya soya ƙosai sau biyu ko uku ya gama aikinsa.

Idan wani yana ganin na cika tsoro, ya tuna Maroko a 1959, inda aka gauraya man girki da man injin jirgin sama, mutum kusan 10,000 suka sami shanyewar gaɓoɓi. Ya tuna Sifen a 1981, inda 'yan talla suka bi unguwannin talakawa da jarkoki marasa suna suna cewa man zaitun ne mai rahusa, alhali man masana'antu ne da aka sa wa sinadari. Mutum wajen 20,000 suka kwanta, ɗaruruwa suka mutu. Waɗanda abin ya ci duk masu neman sauƙin farashi ne, kamar ni da ku.

Yanzu ni ba na sayen mai, riɗi nake saya. Duk bayan wata biyu nakan auno shi, mu wanke, mu rairaye tsakuwa, mu shanya ya bushe ƙarau, in kai wurin mai inji in tsaya a kansa. Nakan sa ya fara zubar da na farkon da ya fito a wani kwano daban, don ragowar abin da ya matse kafin nawa. A gida a bar shi ya kwanta kwana uku, a tsiyaye a kwalaben gilashi masu duhu. Tunkuzar kuma maƙwabciyarmu mai awaki ke karɓa. Na suyar mai yawa, kamar ranar suna ko azumi, ina karɓar man gyaɗa wurin wata dattijuwa da nake zama kusa da ita tana tsince gyaɗarta a faifai. Hajiya tana shan maganinta kullum da dare, an daina ba ta ɓargo da ganda, kuma cokali biyu ake auna mata a tukunya, ba a tuttula daga jarka. Wata mai zuwa za mu koma a sake gwajin jinin.